UWARGIDA DA AMARYA A KWAMFUTA ƊAYA

'Yan'uwana ɗalibai, abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne yadda ake zaunar da manyan manhajoji biyu, watau Windows da Linux, a cikin kwamfuta guda, kowacce da ɗakinta, ba tare da mai kwamfutar ya yi asarar ko takarda ɗaya ba. Aikin kansa ba shi da wuya, ɗan aji uku ma zai iya. Haɗarin yana wajen shiri ne, domin mafi yawan waɗanda suka yi kuka a wannan aiki, tun kafin su soma suka tafka ɓarnar. Saboda haka zan fi tsawaita magana a kan abin da ya kamata a yi kafin a taɓa kome.

Da farko dai, mece ce babbar manhaja? Kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi, ba ta san ko bihim ba sai an zuba mata abin da zai tafiyar da ita. Babbar manhaja ita ce mai wannan aiki. Ita ke karɓar abin da ka buga, ta nuna maka shi a allo, ta adana shi, kana ta ba kowace ƙaramar manhaja wurin yin aikinta. Wadda muka fi sani ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fara fitowa a 1985. Ita kuwa Linux, wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, ya sake ta kyauta, mutane daga ko'ina a duniya suka taru suna gina ta. Kada ku ɗauka baƙuwa ce, domin duk mai wayar Android a aljihu yana yawo da zuciyar Linux ne bai sani ba. Linux iri-iri ce. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, sunanta kuwa daga harsunan Zulu da Xhosa aka samo shi, ma'anarsa mutuntaka. Akwai kuma Linux Mint, wadda ta fito a 2006, fuskarta ta fi kama da ta Windows, shi ya sa ta fi daɗin koyo ga sabon shiga.

To, me ya kawo wannan magana yanzu? A unguwarmu Kurmin Mashi, da maƙwabtanmu Badiko da Unguwar Sanusi, yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai na hannu ne, irin waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Sun gama yi wa wani ofis aiki a Turai ko Amurka, aka kwaso su, iyayenmu ko yayyenmu suka sayo mana a shagunan cikin gari. Galibinsu Windows 10 ce a kansu, wadda ta fito a 2015. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai dai ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga waɗanda suka yi rajista. Ƙanwarta Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa. Daga ciki akwai wani ɗan guntun ma'ajin tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar kwamfutar ta Intel ce, sai ta kasance zubi na takwas ko sama. Kwamfutocinmu da yawa ba su cika waɗannan ba. Ga su nan lafiya lau suna aiki, amma ƙofarsu ba mai gyara mata makulli in ɓarayin intanet sun gano lagonta.

Linux ba ta da waɗannan sharuɗɗa, kuma ana ci gaba da sabunta ta kyauta. Sai wani ya ce, to me zai hana a share Windows gaba ɗaya a huta? Abin da zai hana shi ne, akwai ayyukan da sai da ita. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta ɗungurungum, kuma galibin manhajojin gwaji da muke koyo da su na Windows ne ko na waya. Wanda ke koyon zanen katin biki da kalanda da CorelDRAW ba zai same ta a Linux ba. A ɗaya ɓangaren kuma, mai burin karanta ilmin kwamfuta a Kaduna Polytechnic, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, lalle zai gamu da Linux a gaba, gara ya saba da ita tun yanzu. Tun Nuwamban 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Ashe ke nan muna bukatar duka biyun, alhali kuwa kwamfuta ɗaya muke da ita.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan zama ita ce a ɗauki kwamfuta kamar gidan mai mata biyu. Windows ce uwargida, tun da ita aka tarar. Linux ce amarya. Rumbun ajiya, watau faifan da ke cikin kwamfuta inda kome yake kwance, shi ne filin gidan, za a yanka shi sashe-sashe kowacce ta sami ɗakinta. Akwai kuma zaure, wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira EFI, inda kwamfuta ke fara leƙawa da zarar an kunna ta. A zauren nan amarya ke ajiye ɗan aikenta mai suna GRUB, shi ne zai tambaye ka ɗakin wa za ka shiga. Sa'an nan a lura, ba sa girki tare. In Windows na aiki, Linux na barci. In kana son ɗayar, sai ka kashe ka sāke kunnawa. Wannan rabon kwana shi ne ke sa kowacce ta sami ƙarfin kwamfutar gaba ɗaya a lokacinta.

Yanzu sai shiri. Abu na farko, ka tabbata kwamfutar taka ce, ko kuwa ka nemi izinin mai ita. Kada ka gwada a kwamfutar ofis ta babanka, ko ta ɗakin kwamfutar makaranta, ko ta yayarka da ke rubuta kundin kammala karatu. Abin aro ba ya ado, balle a yi masa tiyata.

Abu na biyu, kuma shi ne uban duka, ka kwashe kayanka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen makanikan da ke bakin titin baifas ya ga yadda gwani ke yi. Kafin ya sauke inji sai ya ajiye faranti, kowane noti ya kwance ya jefa ciki, domin ya san ranar mayarwa na zuwa. Haka za ka yi. Takardu, hotuna, sakamakon jarrabawa, karatun da ka sauke, duk ka kwafe su zuwa wani rumbu na waje ko filashi. Abin da ya fi muhimmanci ka ƙara ajiye kwafinsa a intanet, ko a wayarka. Kwafin da ke cikin wannan kwamfutar, ko da a sashen D ne, ba kwafi ba ne, domin in gobara ta kama gida ba ta tambayar ɗakin wa. Bayan ka kwafe, ka kai filashin wata kwamfuta ka buɗe takardun ka ga sun buɗu da idonka, sa'an nan ka zare shi ka ajiye nesa da wurin aikin. Na san wani maƙwabcinmu mai ɗaukar hoto da ya ba da kwamfutarsa a yi masa irin wannan aiki a wani shago, bai kwafi kome ba. Da yamma aka miƙo masa ita tana ƙyalli da sabuwar manhaja, hotunan bikin mutane uku da bai riga ya wanke ba sun bi ruwa. Kuɗin da ya mayar bai dame shi kamar kunyar da ya sha ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abu na uku, ka tanadi filashin ceto na Windows. A cikin Windows akwai hanyar yin wannan, ana kiranta Recovery Drive, kuma filashi mai giga 16 ko sama ya fi dacewa. Amfaninsa shi ne, in zaure ya rikice kwamfuta ta ƙi tashi, da shi za a gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a yin filashin ceto da kwamfutar da ta riga ta mutu.

Abu na huɗu, ka duba ko rumbunka a kulle yake. Windows tana da wani kwado mai suna BitLocker, wanda ke rikitar da duk abin da ke rumbu yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba. Sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da shi a ɗaure, mai su bai ma sani ba. Kwadon nan yana da saurin zargi. Da ya ga an taɓa zaure sai ya rufe ƙofa, ya ce sai an kawo mabuɗin ceto, watau wata lamba mai alƙaluma 48. In ba ka da ita, ko mai gyara ba zai iya buɗe maka ba. Saboda haka ka nemo lambar, galibi tana cikin asusunka na Microsoft, ka rubuta ta a takarda da biro. Abin da ya fi ma shi ne ka kwance kwadon gaba ɗaya kafin aikin, ka jira ya gama kwancewa ko da zai ɗauki sa'o'i. Mai kwamfutar hannu ya ƙara lura da wani abu: wani lokaci ofishin da ya sayar da ita ya bar kalmar sirri a kan saitin farko na kwamfutar, wanda ake kira BIOS. In haka ne, ka koma wa wanda ya sayar maka tun kafin ka fara.

Abu na biyar, ka kashe abin da ake kira Fast Startup, wanda ke cikin saitin wuta na Control Panel. Tun daga Windows 8, a 2012, in ka ce wa Windows ta kashe kanta, ba ta kashewa sarai. Likimo take yi, ta bar wasu kayanta a shimfiɗe domin ta tashi da sauri gobe. In Linux ta shigo ta taɓa sashen Windows a wannan hali, uwargida za ta farka ta tarar an motsa mata kaya, daga nan takardu ke lalacewa. Linux ta san haka, shi ya sa sau da yawa takan ƙi yin rubutu a sashen. Kashe wannan likimo shi ne maganin abin.

Abu na shida, ka san irin ginin gidanka. Kwamfutoci suna tashi ta ɗayan hanyoyi biyu, tsohuwa da ake kira Legacy, da sabuwa da ake kira UEFI. In ka buga msinfo32 a wurin bincike na Windows, za ka ga layin da ya faɗi wacce taka ke bi. Ƙa'idar ita ce, hanyar da uwargida ta shigo, ta nan amarya za ta shigo. In Windows tana kan UEFI aka zuba Linux ta Legacy, ba za su ga juna ba, GRUB kuwa ba zai nuna maka sunan Windows ba, sai ka zaci ta ɓata. Tsohon tsarin yanka rumbu, mai suna MBR, manyan sassa huɗu kaɗai yake ɗauka, kuma wasu tsofaffin kwamfutocin zamanin Windows 7 sun zo da huɗun duka a cike. Sabon tsarin, GPT, yana ɗaukar har 128. Wanda ya tarar huɗunsa sun cika, kada ya share wani da ka, ya nemi wanda ya sani. Mai tambaya ba ya ɓata.

Abu na bakwai shi ne wuta. Mu nan ba sai an gaya mana halin wuta ba. Lokacin da ake yanka rumbu, in kwamfuta ta mutu a tsakiya, tamkar an ɗauke wa likita fitila ne yana cikin aiki. Ka cika batir fal, ka bar caja a jone, kuma ka san gaskiyar batirinka. Yawancin na hannu sun tsufa, wani ko rabin sa'a ba ya riƙewa. In naka haka yake, ka yi aikin a inda ke da sola ko janareta mai isasshen mai.

In an gama waɗannan bakwai, an ci rabin aiki da ɗoriya. Sai a yi wa amarya ɗaki. Ka bar Windows ta matsa da kanta, domin ita ta fi sanin inda kayanta suke. Ka buɗe Disk Management, ka danna sashen C da maɓallin dama, ka zaɓi Shrink Volume, watau rage girman sashe. Za a tambaye ka adadi da megabayit. Ubuntu tana bukatar aƙalla giga 25, Linux Mint kuwa giga 20, amma wannan na shiga ne kawai, ba na zama ba. Ni shawarata giga 60, watau ka rubuta 61440. Kada ka matse Windows har ta rasa wurin juyawa, ka bar mata aƙalla giga 30 ba kome a ciki. Filin da ka yanko zai fito da baƙin layi a kansa. Ka bar shi haka nan, kada ka ba shi suna ko harafi. Wanda rumbunsa giga 128 ne kacal, ya yi lissafi da kyau, domin gidan ya yi ƙanƙanta. Wanda kuwa kwamfutarsa ke da gurbin rumbu biyu, ya sayi na biyu ya ba Linux. Raba gida ya fi raba ɗaki kwanciyar hankali.

Daga nan sai ɗauko amarya. Ka sauke Linux daga shafinta na ainihi, kada ka karɓa daga filashin da ya zaga hannu goma. Ubuntu ta kai wajen giga 6, Linux Mint kuwa wajen giga 3, saboda haka a tanadi data. In Ubuntu ka zaɓa, ka ɗauki mai alamar LTS. Irinta tana fitowa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kamar 24.04 ta 2024, kuma ana kula da ita shekara biyar kyauta. A shafin za ka ga wata doguwar lamba mai suna SHA256, wadda take kamar hatimi. In ka gwada ta da ta abin da ka sauke suka yi daidai, to kayan sun iso lafiya. Wannan yana da amfani ƙwarai a wurinmu, inda intanet kan yanke a tsakiyar saukewa. Sa'an nan ka sami wani filashi dabam, mai giga 8 ko sama, ka zuba Linux a kansa da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Rufus. A kula, Rufus tana share duk abin da ke kan filashin, saboda haka kada ka kuskura ka ba ta wanda ka yi ajiya a ciki.

Sai ka soka filashin, ka kunna kwamfuta, ka yi ta danna maɓallin zaɓen hanyar tashi. A HP F9 ne, a Dell F12, a yawancin Lenovo ma F12. In ka ga sunan filashin sau biyu, ka zaɓi mai UEFI a jikinsa muddin Windows ɗinka ta nan take tashi. Linux za ta ba ka zaɓi biyu, gwadawa ko zubawa. Ka fara da gwadawa. A wannan hali tana aiki daga kan filashi ne, ba ta taɓa rumbunka ba. Ka duba ko tana kama intanet, ko sauti na fita, ko kyamara da madannai suna aiki. Ka gwada haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin Linux tana da tsarin madannai na Hausa kamar yadda Windows take da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In mai zubawar ya ce bai ga rumbunka ba, ko ya ambaci RST, to ka dakata. Wannan wani saiti ne a BIOS da akan tarar a wasu kwamfutoci, in aka juya shi ba a shirya Windows ba, sai ta ƙi tashi. Nan ma wurin neman malami ne.

In kome ya yi daidai, sai ka danna zubawa. Za a tambaye ka harshe, da madannai, da suna, da kalmar sirri, da gari, inda za ka zaɓi Legas domin agogonmu ɗaya. Duk waɗannan ba abin tsoro. Shafi ɗaya tak ne mai haɗari, shi ne wanda ke tambayar inda za a zuba. A nan ka cire hannunka daga kwamfutar, ka karanta sau biyu. Zaɓin da kake so shi ne mai kalmar alongside, watau a zuba ta a gefen Windows. Wanda ya fara da Erase disk kuwa, ma'anarsa a share rumbu duka, uwargida da kayanta da naka. Tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba a allo. In ba ka ga zaɓin gefen Windows ba, alama ce an tsallake wani abu a shiri, ko kwado bai kwance ba, ko Windows na likimo, ko ka shigo ta hanyar da ba tata ba. Ka fita, ka koma ka gyara. Sauri ya haifi nawa.

Bayan an gama, kwamfuta za ta ce ka zare filashi ta sāke tashi. Sai ka ga GRUB da jerin sunaye, Linux a sama, Windows a ƙasa. Yana jira 'yan daƙiƙoƙi, in ba ka zaɓa ba ya shiga na sama. Ka fara shiga Windows ka tabbata tana lafiya da takardunta, kana ka koma Linux ka sabunta ta.

Zama da biyu yana da 'yan rigingimunsa, gara ku san su tun yanzu. Na farko agogo ne. Windows tana saita agogon cikin kwamfuta da lokacin ƙasarmu, Linux kuwa da lokacin duniya, wanda Nijeriya ta fi shi da sa'a ɗaya. Saboda haka in ka fito daga Linux ka shiga Windows, sai ka ga ƙarfe bakwai alhali takwas ta yi. Wanda ya dogara da shi zai tarar an rufe ƙofar makaranta. Maganinsa umurni guda ne da akan buga wa Linux, timedatectl set-local-rtc 1, sai ta koma bin lokacin gida.

Na biyu, Linux tana iya shiga ɗakin Windows ta karanta abin da ke ciki, amma Windows ba ta gane tsarin ɗakin Linux, wanda ake kira ext4. Wani lokaci har takan ce sashen bai da tsari, ko a share shi? Amsa ita ce a'a, ko yaushe. In kana son wurin da duka biyun za su riƙa ajiye kaya, ka yanki wani sashe mai tsarin NTFS ya zama tsakar gida. Kuma in ka shiga ɗakin Windows daga Linux, takardunka kawai za ka taɓa.

Na uku, wani lokaci sabuntawar Windows kan taɓa zaure. A Agustan 2024 wata sabuntawar tsaro ta sa kwamfutoci masu manhaja biyu a ƙasashe da dama suka ƙi shiga Linux, saboda wani tsarin tantancewa mai suna Secure Boot ya daina amincewa da tsohon ɗan aiken zaure. Sai a Mayun 2025 aka fitar da cikakken gyara. Abin lura shi ne, takardun mutane suna nan ba abin da ya same su, ƙofa ce kawai ta cije. Saboda haka in wata rana GRUB ya ɓace, kada ka firgita ka share kome. Ka danna maɓallin nan na F9 ko F12 ka duba, sau da yawa sunan Linux na nan, an dai mayar da shi baya ne. Kuma kada ka ba da aron filashin Linux ɗinka, da shi ake gyaran zaure.

Na huɗu, kada wani ya zaci zuwan Linux ya warkar da Windows 10. Tana nan yadda take, ƙofarta ba mai gyara. Dabara ita ce a raba musu aiki. Shiga intanet, da imel, da harkar banki, da cike fom, a yi su a Linux. Windows kuwa a bar mata zane da gwajin jarrabawa, kuma gwargwadon iko a raba ta da intanet.

In kuma wata rana zaman ya ƙi, kana son sallamar amarya, akwai ƙa'ida. Ka kwashe kayanka daga ɗakinta, ka shiga BIOS ka mayar da Windows ta zama ta farko a jerin tashi, ka gwada ka ga ta tashi da kanta, sa'an nan ka share sashen Linux. Wanda ya fara da sharewa zai tarar da baƙin allo, ɗan aike na tsaye a zaure yana neman ɗakin da aka rushe. A tsohuwar hanyar Legacy kuwa, sai an gyara zauren da filashin ceto kafin a share.

Daga ƙarshe, ba kowa ne ke bukatar wannan aiki ba. Mai son ɗanɗana Linux kawai, ya tsaya a gwaji daga kan filashi. Mai kwamfuta mai ƙarfi, wadda ƙwaƙwalwar aikinta ta kai giga 8 ko sama, yana iya tafiyar da Linux a cikin taga guda ta Windows da manhajar VirtualBox, ba tare da ya yanka rumbu ba. Amma mai tsohuwar kwamfuta mai giga 4, wanda ke son koyo na gaske, raba rumbu ya fi masa, domin ƙarfinta ba zai ɗauki biyu a lokaci guda ba.

Shawarata gare ku ita ce, ku kwafi abubuwan shirin nan bakwai a bayan littafinku: izini, kwashe kaya, filashin ceto, mabuɗin kwado, kashe likimo, sanin hanyar tashi, da wuta. Kowanne kuka gama ku ja masa layi, kuma kada ku soka filashin Linux sai layi bakwai sun cika. Ku zaɓi ranar Asabar da ba ku da gaggawa, ba daren jarrabawa ba, ku zauna ku biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na dannawa. Wanda ya yi haka, kwamfutar da ake cewa ta tsufa za ta ƙara yi masa shekaru tana aiki, kuma zai shiga babbar makaranta da ilmin da wasu sai can za su fara. Nan zan dasa aya, sai fitowa ta gaba.